Kwana Cikin Tanti a Dajin Mara

A ƙasar Kenya, can gabashin Afirka, akwai wani irin masauki wanda ba a gina shi da tubali ba. Ɗakunansa duka tantuna ne na tamfol, an kakkafa su gindin itatuwa a tsakiyar daji. Da yawa daga cikin irin waɗannan masaukai ba su da katanga, ba su da darni, ba ko shingen ƙaya. Da dare zaki yakan wuce ta bayan ɗaki. Giwa takan tsaya ta ci ganyen itacen da mutum yake barci a ƙarƙashinsa. Duk da haka mutane sukan taso tun daga Ingila da Amurka da Indiya, su biya kuɗi mai yawa don su kwana a wurin. Su kuwa kwana lafiya, su tashi lafiya.

To, tamfol ba ya tare farcen zaki, balle hauren giwa. Me ke tsare su ke nan? Abin da za mu karanta yau ke nan.

Asalin abin

Irin wannan tafiya ana kiranta safari. Kalmar ta harshen Suwahili ce, su kuma daga Larabci suka aro ta, ma'anarta tafiya. Tushensu ɗaya da kalmarmu ta safara. A zamanin da, safari ayarin fatake ne mai tashi daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, da madugu da 'yan alaro, ana yada zango kowace yamma.

A 1896 Turawan Ingila suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa. A 1899 ta iso inda birnin Nairobi yake yanzu. Da hanya ta buɗe, sai attajiran Turai da Amurka suka shiga zuwa farauta. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Tiyodo Rusbelt. Ya zo a 1909, bayan ya sauka daga shugabancin Amurka. Ɗaruruwan 'yan alaro suka ɗauki tantuna da gadaje da akwatunan abinci, har da littattafansa. Shi da ɗansa suka harbe namun daji 512. An ce don ilimi ne, an kuwa kai fatu da ƙasusuwa gidan ajiyar kayan tarihi a Amurka. Amma 512 ba kaɗan ba ne, kuma masu bin sawunsa da yawa ba ilimi ya kawo su ba.

Sannu a hankali namun suka yi ta raguwa. A 1977 gwamnatin Kenya ta hana irin wannan farauta gaba ɗaya. Baƙi suka ajiye bindiga suka ɗauki abin ɗaukar hoto. Mota ta karɓi aikin 'yan alaro. Amma tanti bai tafi ba, don baƙi sun ce in an sa su cikin gini ba su jin daji. Tun 1972 ma aka kafa wani sansanin tanti na dindindin a bakin kogin Mara, ana kiransa Governors' Camp, watau sansanin gwamnoni. Yanzu irinsa suna da yawa ƙwarai.

Dajin Mara

Dajin Mara yana kudu maso yammacin Kenya, a kan iyaka da Tanzaniya. Girmansa wajen murabba'in mil 580 ne. In ka ƙetare iyaka sai ka shiga dajin Serengeti, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Namun daji ba su san iyaka ba, daji ɗaya ne a wurinsu. Daga Nairobi tafiyar sa'a biyar ko shida ce cikin mota. Cikin ƙaramin jirgin sama kuwa ba ta kai sa'a guda ba.

Wurin tudu ne, ya ɗara ƙafa 5,000 bisa teku, watau ya fi Jos bisa. Saboda haka da asuba akwai sanyi mai shiga ƙashi. Fili ne na ciyawa iyakar ganinka, sai itatuwan ƙaya jefi-jefi, da kurmi a bakin koguna. Mutanen ƙasar su ne Masai. Makiyaya ne, shanu su ne dukiyarsu da girmansu, kamar yadda muka sani ga Fulani. Akan san su da jan mayafi da mashi.

Akwai zaki da damisa da kura da dila. Akwai giwa da ɓauna da raƙumin dawa da jakin dawa, da karkanda 'yan kaɗan. Cikin ruwa ga dorina ga kada. Amma abin da ya fi jawo baƙi wata dabba ce da babu irinta a ƙasarmu. Da Suwahili ana kiranta nyumbu. 'Yar'uwar kanki ce, tana da ƙaho kamar na saniya, da gemu, da jela kamar ta doki. An daɗe ana ƙiyasta yawansu ya haura miliyan ɗaya. Sukan haihu a kudancin Serengeti wajen watan Fabrairu. In ciyawa ta ƙare sai su yi arewa suna bin ruwan sama. Daga Yuli zuwa Oktoba suna Mara, suna ƙetare kogi dubu-dubu, kadoji na jiransu cikin ruwa. Lokacin nan ne tantuna ke cika maƙil.

Yadda tantin yake

Kada ku zaci irin ƙaramin tantin soja ne da mutum ke shiga da rarrafe. Ɗaki ne sosai, mutum ya miƙe tsaye ya yi yawo a ciki. Rufinsa biyu ne, na ciki da na sama, an bar sarari tsakaninsu don iska ta ratsa, zafin rana kada ya sauko. Tagoginsa na raga ne mai ƙananan idanu, saboda sauro. Ƙasansa ma tamfol ne, an ɗinke shi da jikin tantin, don maciji da kunama da kwarkwasa kada su sami hanya. Ƙofa kuwa zif ne, irin na jaka, amma dogo. Ku riƙe zancen zif ɗin nan, za mu komo kansa.

A ciki akwai gado da katifa da bargo, da tebur da fitila. Wutar fitila yawanci daga hasken rana ake tara ta. Daga baya an kewaye wurin wanka da bayan gida, duk a cikin tantin, don kada wani ya ce zai fita zagayawa da dare. A ƙananan sansanoni ba famfo. In kana son wanka sai ka faɗa. Ma'aikaci ya ɗora ruwa a wuta, ya zuba cikin wani bokiti na tamfol mai cin wajen garwa guda, ya ja shi sama da igiya. Ka buɗe bakinsa ruwa ya zubo maka. Wanda ya tsaya waƙa, ruwa ya ƙare masa da sabulu a ka.

Da dare sukan sa gorar roba cike da ruwan zafi cikin bargo, don ɗumi. Baƙon da ba a gaya wa ba yakan sa ƙafa ya ji abu mai ɗumi da laushi, ya yi tsalle yana ihu.

Musulmin da ya je can sai ya lura da abu biyu. Alƙibla a Kenya wajen arewa take, ba gabas ba. Alwalar asuba kuma a cikin tanti ake yinta, don lokacin nan duhu bai yaye ba, masu yawon dare ba su koma gida ba.

Aikin yini

Ƙasar tana dab da tsakiyar duniya, saboda haka rana ba ta sāke lokacinta sosai. Rani da damina, wajen ƙarfe shida da rabi take fitowa, wajen shida da rabi ko bakwai ta faɗi. Tun kafin ta fito ma'aikaci zai zo bakin tanti da shayi, ya yi sallama. A shiga mota a fita, don da sanyin safiya namun ke yawo. Da hantsi a komo a ci abinci a huta. Zaki ma haka yake yi, yakan kwanta har sa'a ashirin cikin yini da dare. Da la'asar a sāke fita, a komo kafin magariba. Sa'an nan a hura wuta a tsakar sansani, a zauna ana hira.

Motar a buɗe take, amma sai ka ga an tsaya taki goma daga zaki, shi ko a jikinsa. Dalili shi ne, tun yana ɗan ƙarami yake ganin motoci. Ya ɗauki mota da mutanen cikinta abu guda ne, babba, wanda ba a ci, ba ya kuma cuta. In wani ya miƙe zumbur, ko ya zuro hannu, ko ya sauka, to ya raba kansa da motar. Nan take zaki zai gane ga ɗan Adam. Shi ya sa jagora ke cewa a zauna, a yi magana a hankali.

Dare

Yanzu mu komo ga tambayarmu. Yadda naman daji ya ɗauki mota, haka ya ɗauki tanti rufaffe. A wurinsa kamar dutse ne ko suri. Ya zo ya shinshina, ya kewaye, ya wuce. Giwa da girmanta takan ɗaga ƙafa ta tsallake igiyar tanti ba ta taɓa ta ba. Amma duk wannan sai in tantin a rufe yake. Wanda zafi ya dame shi ya bar zif a buɗe, ko ya fitar da shimfiɗa waje, ya kira kura da bakinsa. Kura matsoraciya ce a tatsuniya, amma mai barci a fili ba ta jin tsoronsa. Haƙoranta suna fasa ƙashin ɓauna.

Doka ta biyu, ba a ajiye abinci a tanti, ko da lemo guda ne ko alewa. Hancin namun daji ya fi namu nesa. Birai ma sun koyi jan zif, har a wasu wurare sai an ɗaure shi ko an sa ɗan kwado. Kuma ba a ba biri abinci da hannu. Wanda aka saba ba shi, gobe ƙwacewa zai yi, jibi ya ciji yaro, ƙarshe a kashe shi. Mai ba shi yana ganin kirki ya yi, alhali shi ya jawo masa.

Doka ta uku, in duhu ya yi ba mai tafiya shi kaɗai, ko da daga wurin cin abinci ne zuwa tantinsa. Akwai masu gadi, ana kiransu askari. Wannan ma kalmar Larabci ce, mu ma muna cewa askarawa. Yawancinsu Masai ne, da tocila da mashi ko sanda. In kana son fita sai ka haska tocila daga bakin tanti, ko ka kira ta rediyon hannu, ya zo ya raka ka. A wasu sansanoni akan ajiye usur kusa da gado, don kiran taimako in abu ya faru.

Mai karatu zai ce, me mashi zai yi wa giwa? Ba komai. Ba mashin ne ke tsaro ba, sanin da ke kan mai mashin ne. Tun yana yaro yake kiwo a dajin nan. Ya san warin giwa tun bai gan ta ba. Ya san in gwaggon biri ya yi irin wani haushi daga kan itace, damisa ce ke kusa. In ya haska tocila ya ga idanu, tazararsu da tsayinsu daga ƙasa sun gaya masa ko barewa ce ko wani abu. Aikinsa shi ne kada ku haɗu. In ya ce tsaya, ka tsaya. In ya ce a koma, a koma, ko da tantinka ga shi nan kana gani.

Abin mamaki, ba zaki ne askari ya fi jin tsoro ba. Rurin zaki yakan kai mil biyar cikin dare, baƙo yana kwance ya ji kamar a bayan kunnensa ne, alhali mai abin yana can nesa. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu cin ciyawa. Tsohon ɓauna da ya rabu da garke yakan kwanta cikin duhuwa shiru, ba ya gargaɗi. Dorina kuwa yini take cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, ta ci ciyawa wajen kilo 40 kafin gari ya waye. Tana son gajeriyar ciyawar da ke tsakanin tantuna. In ta firgita, ruwa take nufa a guje, kuma duk ƙibarta ta fi mutum gudu. Wanda ya tsaya tsakaninta da kogi ya tsaya a mummunan wuri.

Doka ta ƙarshe ita ce mafi wuya: in ka yi kiciɓis da zaki, kada ka gudu. Duk abin da zaki ke ci gudu yake yi. In ka juya baya ka sheƙa, ka gaya masa kai nama ne. Sai ka tsaya, ka fuskance shi, ka ja da baya sannu-sannu. Faɗar haka a aji da sauƙi. Shi ya sa aka fi so mutum ya bi doka ta uku, don kada ya bukaci ta ƙarshe.

Duk dokokin nan akan gaya wa baƙo ranar da ya iso, galibi kuma a ba shi takarda ya karanta ya sa hannu. Banda namun daji akwai sauro mai kawo zazzaɓi, saboda haka akan sha magani, a sa riga mai dogon hannu da yamma. Kogin ma da ke ba sansani inuwa yana da ranarsa. A farkon watan Mayu na 2024 aka yi ruwa mai yawa, kogin Talek ya cika ya tumbatsa, ya shiga sansanoni da dama. Sai da aka kwashe wasu baƙi da ma'aikata da jirgi mai saukar ungulu.

Ƙasar wa, kuɗin wa?

Kwana ɗaya a irin wannan tanti yakan ci ɗaruruwan dalar Amurka, wasu ma sun haura dubu. Wannan ya fi ƙarfin talaka, har talakan Kenya. Ya kamata mu tambaya ina kuɗin ke zuwa, don a nan ne maganar take.

Namun daji ba su tsaya cikin dajin da hukuma ta keɓe ba. Suna fita cikin filayen Masai da ke kewaye. Can zaki ya kama saniya, nyumbu su cinye ciyawa. Mai fili in bai sami komai ba sai hasara, me zai hana ya kewaye filinsa da waya, ko ya sayar a shuka alkama? Haka kuwa aka yi a wurare da yawa. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna namun daji a filayen kiwo na Kenya sun ragu da kashi 68 cikin ɗari tun daga 1977. Ka ga hana farauta kaɗai bai isa ba. Dabbar da ba ta da wurin kiwo ba sai an harbe ta ba.

Saboda haka aka fito da wata dabara. Masu filaye ɗaruruwa su haɗa filayensu wuri guda, su ba masu sansanin tanti haya. Ba a sa waya, ba a noma. Kowane wata a zuba wa kowane mai fili kuɗinsa a banki da sunansa. Shanu ba a kore su ɗungum ba, ana kiwo bisa tsari, yau nan gobe can. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare sunansa Naboisho, an kafa shi a 2010, eka wajen 50,000, masu filaye wajen 500. Akan kuma ƙayyade yawan baƙi. A wasu wurare ƙa'ida ita ce tanti ɗaya ga eka 700, kuma sansani kada ya wuce tanti 12. Wannan ƙa'ida mai kyau ce, don a cikin babban dajin akan ga motoci da yawa sun yi wa dabba ɗaya zobe, har ta kāsa farauta.

Dabarar tana da rauninta. A 2020 annobar korona ta hana tafiye-tafiye, tantuna suka zama wayam. A wurare da yawa masu filaye suka yarda a biya su rabin haya har baƙi su komo. Kuma wanda ba shi da fili ba shi da rabo cikin haya, sai dai in ya sami aiki.

A nan ne karatu ya shigo. Hayar nan a rubuce take, ta shekaru masu yawa, wasu shekara 15, wasu fiye. Mai filin da ya iya karatu ya san abin da ya sa wa hannu, ya iya duba takardar banki ya ga ko an biya shi daidai. Wanda bai iya ba sai ya dangwala yatsa, ya dogara ga abin da aka gaya masa. Wajen aiki ma haka. Saurayin da ya san daji amma bai iya karatu ba, gadi zai yi da dare. Wanda ya haɗa sanin daji da karatu shi ke zama jagora, ya tuƙa mota, ya buɗe littafin tsuntsaye ya nuna wa baƙi, albashinsa kuwa ya fi. Jagorori a Kenya suna da jarrabawa mai hawa uku, ta tagulla da ta azurfa da ta zinariya. A 2005 aka buɗe makaranta a wani wuri da ake kira Koyaki, a gefen Mara, don koya wa samari da 'yan matan Masai wannan aiki.

Mu ma muna da irin wannan daji, watau Yankari a ƙasar Bauchi, wanda aka buɗe wa baƙi a 1962. Akwai giwa da ɓauna da dorina da gwanki. Amma a can baƙi cikin ɗakunan gini suke kwana, a Wikki, kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. Wanda ya je ya riƙe doka ta biyu da kyau, don gwaggon biri na Wikki sun san jakar abinci tun daga nesa.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe aka samo kalmar safari? Wace kalmar Hausa ce tushensu ɗaya?
2. Me ya sa zaki ba ya kula da mutanen da ke zaune cikin mota?
3. Don me askari ya fi jin tsoron dorina da ɓauna bisa zaki?
4. In tanti ɗaya yana bukatar eka 700, eka nawa sansani mai tanti 12 zai bukata?
5. Daga 1977 zuwa 2016 shekara nawa ne?
6. Rubuta sunayen namun daji biyar da kakanninku suka ce akwai a dajin garinku. Ja layi ƙarƙashin waɗanda har yanzu ake gani.